Hoto a Cikin Duhu: Yadda Kyamara Ta Koyi Kallon Wasan Ɗalibai

Duk wanda ya buɗe tsofaffin kundayen hotunan 'yan wasan kwaikwayo na Turai da Amurka, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1850 da 1880, zai ga sarakuna riƙe da takubba, da amare suna sharar hawaye, da mayaƙa sun ɗaga hannu za su kai sara. Sai dai da wuya ya samu ko ɗaya da aka ɗauka a gidan wasa. Da rana tsaka ɗan wasa yakan naɗe kayan wasansa ya nufi shagon mai hoto, ya hau bene har hawa na ƙarshe inda aka yi rufin gilashi don rana ta shigo, ya sa kayan, ya tsaya gaban wani ƙyalle da aka zana daji ko fada a jikinsa. A bayansa akwai sandar ƙarfe mai baki biyu da ke tallafe ƙeyarsa don kada kai ya motsa. Haka zai daskare har mai hoto ya ce ya isa.

Haske ne ya jawo wannan wahala. Gidajen wasa sun fara kunna iskar gas a dandamali tun 1816 a Philadelphia, Landan ta bi baya a 1817, sannan a 1837 gidan Covent Garden ya shigo da wata fitila da ake hura wa dunƙulen farar ƙasa wuta har ya yi fari fat, ana haska babban ɗan wasa da ita. Ga idon ɗan kallo, wannan haske ya wadatar. Ga farantin gilashin mai hoto kuwa, da shi da babu duk ɗaya. Farantin da aka fi aiki da shi daga 1851 sai an shafa masa magani, a ɗauki hoton, a wanke, duk kafin ya bushe, wato cikin minti goma zuwa sha biyar. Ko a hasken rana sai an ba shi daƙiƙoƙi. Abin da ya ƙara dagula lamarin, maganin ba ya jin haske mai launin rawaya ko ja, shi kuwa hasken gas rawaya ne.

Don haka wasa ne ya riƙa zuwa wurin kyamara. A Paris, a 1854 zuwa 1855, masu hoto Nadar da ƙanensa Adrien Tournachon sun kawo Charles Deburau, gwanin wasan bebaye, suka sa shi ya yi mamaki, da dariya, da ciwo, da leƙe, sanye da fararen kayansa, hotunan kuma suka ci lambar yabo a baje kolin duniya na 1855. A New York, Napoleon Sarony ya mai da abin babbar kasuwa, yana biyan taurari kuɗi don su tsaya masa, yana sayar da katunan hotunansu ga masoya. Hoton da ya ɗauki marubuci Oscar Wilde a 1882 ne wani kamfani ya kwafa har guda 85,000 ba da izininsa ba, rigimar ta kai kotun ƙolin Amurka, wadda ta yanke a 1884 cewa hoto ma aikin fasaha ne da doka za ta kare haƙƙin mai shi. Hujjar da ta taimaki Sarony ita ce shi ya tsara zaman, ya zaɓi tufafi da labule, ya shirya haske da inuwa. Wato a wancan zamani mai hoto darakta ne na biyu, kuma abin da yake sayarwa wasa ne na daban, wanda shi ya shirya.

Lantarki ya fara buɗe ƙofa. Gidan Savoy na Landan, wanda aka buɗe a 1881, ya sa ƙwayaye kusan 1,200 na Joseph Swan. A watan Mayu na 1883, mai hoto Benjamin Falk ya jera manyan fitilun lantarki a gidan Madison Square na New York, ya ɗauki wani fage na wasan A Russian Honeymoon da 'yan wasa a kan ainihin dandamalinsu. Ana lissafa hoton cikin na farko-farko irinsa. Amma ba 'yan kallo a wurin, kuma 'yan wasan tsayawa suka yi cik. Bayan shekara huɗu, Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa hodar maganiziyam da ke tashi da walƙiya, ta saki ƙara da farin hayaƙi kamar bindigar toka a hawan sallah. Da irin wannan hoda Joseph Byron, wanda ya zo New York daga Nottingham a 1888, ya tara dubban hotunan dandamali. Ba mai hankalin da zai kunna ta gida cike da jama'a. Mutane ba su manta da gobarar Ringtheater ta Vienna ba, a Disamba 1881, wadda ta tashi daga fitilun gas na dandamali ta halaka aƙalla mutum 384. Sai aka tsiro da al'adar da har gobe ake yi: a ware wani lokaci bayan gwajin ƙarshe ko bayan an tashi daga wasa, a sake jera fagage ɗaya bayan ɗaya saboda mai hoto kaɗai.

Abu uku ne ke hannun mai ɗaukar hoto idan haske ya yi ƙaranci, jiya da yau. Ko ya ƙara buɗe idon kyamara, ko ya tsawaita ƙiftawarta, ko ya nemi faranti mai saurin jin haske. Tsawaita ƙiftawa ba ya yi wa wasa, domin hannun da ke nuni sai kusan kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa yake tsayawa sarai a hoto, mai rawa kuwa ya fi haka bukatar sauri. Saura ido da faranti. A 1924 kamfanin Ernemann na Dresden ya fitar da wata 'yar kyamara mai ƙaton ido, Ermanox. Wani saurayi, Ludwig Bertele, wanda bai kai shekara 25 ba, shi ya lissafa gilasanta. Buɗinta f/2 ne, daga baya aka kai shi f/1.8, alhali kyamarori masu kyau na lokacin a f/4.5 suke tsayawa. Tsakanin f/4.5 da f/2 akwai ninki biyar na haske. An fi tuna Ermanox da Erich Salomon, wanda ya riƙa kama 'yan siyasar Turai a ɗakunan taro ba su ankara ba, amma tun kafin shi Hans Böhm ya shiga da ita gidan wasan Max Reinhardt a Vienna, ya ɗauki wasa yana gudana da hasken dandamali kawai, aka buga hotunan a littafi a 1926. Leica ta fito a 1925 da fim mai ɗaukar hoto 36 a ɗauri ɗaya, Contax ta biyo a 1932 da idon f/1.5, shi ma lissafin Bertele.

A daidai wannan gaɓa ne wasan ɗalibai ya samu hotunan da suka fi kowanne shahara a tarihinsa, a wani gari mai suna Dessau.

Makarantar fasaha ta Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a Weimar a 1919, ta koma Dessau a 1925, aka buɗe sabon gininta a Disamba 1926. A cikin ginin an yi wani ɗan dandamali tsakanin zauren taro da ɗakin cin abinci, mai buɗewa ta ɓangarorin biyu. Oskar Schlemmer ne malamin sashen wasa tun 1923. Mafi yawan waɗanda ke hawa dandamalin nan ɗalibai ne da suka zo koyon kafinta, ko saƙa, ko zane, ko gini. Su ke ɗinka kayan, su ke yin fuskokin rufe ido, su ke ja da labule. Wasannin nasu gajeru ne, kusan ba magana: rawar zobba, rawar ƙarfe, rawar gilashi, rawar sanduna. A ta sandunan, mai rawa Manda von Kreibig takan sa baƙaƙen kaya daga kai har ƙafa, a ɗaura mata dogayen fararen sanduna goma sha biyu a gaɓoɓi, ta fito gaban baƙin labule. Jikinta yakan ɓace, 'yan kallo su ga sanduna kaɗai suna harɗewa suna warwarewa. A nan duhun wani ɓangare ne na wasan. Mai hoton da ya wanke wurin da haske zai fito da mace sanye da baƙi, ga igiyoyi ga labule, rawar kuwa ta tafi.

Har zuwa 1929 makarantar ba ta da ajin koyon hoto, sai a shekarar ne aka ɗauko Walter Peterhans ya fara. Waɗanda suka ɗauki dandamalin kafin nan da kansu suka koya. Akwai Erich Consemüller, ɗalibin kafinta da gini, wanda Gropius ya ɗora wa aikin ɗaukar hotuna kusan 300 na ayyukan makarantar. Akwai Irene Bayer. Sai kuma T. Lux Feininger, ɗan shahararren mai zanen nan Lyonel Feininger, wanda ya shiga makarantar a 1926 yana ɗan shekara 16, ya zauna a sashen Schlemmer, yana kuma cikin 'yan kiɗan makarantar. Wannan zama na ciki shi ne jarinsa. Ya san rawar tun tana gwaji, ya san inda hannu zai kai ya ɗan dakata kafin ya dawo, ya san wanda ke cikin kowace fuska. Da yawa daga hotunan sashen tsayuwa aka yi musu, domin a hasken dandamali farantin gilashi bai iya bin mai tsalle ba, amma an bar hasken da inuwar yadda wasan yake so, kuma wannan ne ya bambanta su da katunan Sarony. A 1929 an nuna hotunan Feininger a babban baje kolin Film und Foto na Stuttgart, bai cika shekara 20 ba.

A wannan shekarar 'yan wasan Bauhaus suka zaga Berlin da Breslau da Frankfurt da Stuttgart da Basel, sannan Schlemmer ya bar makarantar. 'Yan Nazi sun rufe ta a Dessau a 1932, ta ƙarasa mutuwa a Berlin a 1933. Shi Schlemmer an kore shi daga koyarwa, aka sa ayyukansa cikin waɗanda gwamnati ta kira gurɓatattu, ya mutu a 1943. Ɗaliban sun watsu a duniya. Lokacin da Debra McCall ta tashi farfaɗo da raye-rayen a New York a farkon shekarun 1980, abin da ya rage shi ne rubuce-rubucen Schlemmer da zane-zanensa, da tunanin wani tsohon ɗan wasan, Andreas Weininger, da hotunan da yaran nan suka bari. Yau duk littafin da ke maganar dandamalin Bauhaus da hotunan ɗaliban yake nuna hujjarsa. Gani ya kori ji.

Daga nan sana'ar ta rabu gida biyu. Angus McBean na Landan, wanda ya fara aikin gidajen wasa a 1936, yakan karɓe dandamali, ya kashe fitilun gidan ya kunna nasa, ya gyara wa kowa tsayuwa. Hotunansa suna da kyau ƙwarai, Jami'ar Harvard ce ma ta sayi taskarsa. Alexey Brodovitch ya bi ɗaya hanyar. Tsakanin 1935 da 1937 ya riƙa laɓewa a gefen dandamali da Contax yana ɗaukar 'yan rawar Ballets Russes, ya bar ƙiftawar ta yi tsawo, siket ya zama hayaƙi, fitila ta ƙone gefen hoto. Littafinsa Ballet, mai hoto 104, ya fito a 1945. Abin da masu sana'a ke kira kuskure shi ya tara a ciki, kuma mai kallo yana jin motsin rawar fiye da yadda zai ji a hoton da ya fito tar.

Ɗalibai hanyar Brodovitch ce tasu, ko suna so ko ba sa so, domin ba su da kuɗin hayar McBean. Fim ɗin Tri-X da Kodak ta fitar wa ƙananan kyamarori a 1954 ya zama abokin tafiyarsu shekara arba'in. A ma'aunin saurin jin haske, 200 ne da farko, aka mai da shi 400 a 1960. Mai hoto yakan yi kamar 1600 ne, ya ɗauka da ƙarancin haske, sannan a ɗakin wanki ya bar fim ɗin ya daɗe a cikin magani. Sakamakon shi ne hoto mai ɗigo-ɗigo, baƙinsa baƙi ƙirin, fuskoki suna fitowa daga cikinsa. Wannan kama ce mutane suka saba gani a hotunan wasannin jami'o'i na shekarun 1960 da 1970. Ita ma Martha Swope, wadda ta zama babbar mai hoton gidajen wasan Broadway na New York, ɗalibar rawa ce lokacin da mai tsara rawa Jerome Robbins ya gayyace ta ta ɗauki gwajin West Side Story a 1957. Ta yi aikin har 1994, taskarta mai hoto fiye da miliyan ɗaya tana ɗakin karatun jama'a na New York.

Dandamalin ɗalibai ya fi na ƙwararru wuyar ɗauka. Fitilu kaɗan ne, sau da yawa daga sama kawai suke zubowa, sai idanu su faɗa rami. Wasan kwana biyu ne ko uku, ba damar dawowa a gyara. Filashi haramun ne, yana kashe wa ɗan wasa ido, yana share aikin mai haske, yana dame hankalin 'yan kallo. A da har ƙarar kyamara matsala ce, shi ya sa masu hali ke sa ta a akwati mai soso. Ga kuma ma'aunin hasken da ke cikin kyamara, wanda aka gina a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa matsakaicin haske ne. Idan ya ga baƙin labule ya cika wuri sai ya ƙara buɗewa, fuskar da fitila ke kai ta ƙone ta yi fari. Gogaggu sun daɗe da sanin maganin: a auna fuska, a kulle, a bar sauran ya nutse.

Wannan magana ta auna fuska tana da wani nauyi ga baƙar fata. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto mai launi wani kati mai hoton Baturiya, da ake kira Shirley, da shi suke daidaita injinansu, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Ɗan wasa baƙi sanye da farar babbar riga a ƙarƙashin fitila ɗaya jarrabawa ce ta gaske. A bi rigar, fuska ta ɓace. A bi fuska, aikin wuyan rigar ya wanke. Mai hoton da ya san wasa fuska yake bi, kuma gaskiyarsa ce, domin a fuska labarin yake.

Mu ma nan wasan zamani a makaranta ya yi rarrafe. Rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa don 'yan makaranta aka fara shi, daga wasanni shida da Rupert East ya buga a shekarun 1930 zuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau, kuma Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni. A Ibadan, a 1959, ɗaliban kwalejin jami'a suna cikin waɗanda suka hau dandamali da The Swamp Dwellers da The Lion and the Jewel na wani saurayi da duniya ba ta gama saninsa ba, Wole Soyinka, shekara 27 kafin ya karɓi kyautar Nobel. A Zariya, Michael Etherton ya zo daga Zambiya ya fara karantar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, mai zanen gini Steven Ehrlich kuma ya tsara gidan wasa na ginin laka da aka gina a 1976 bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna a kewaye, tsakar gida ta zama filin wasa. Daga nan ɗalibai suka riƙa fita Samaru da ƙauyuka suna wasa da jama'a a kan matsalolinsu. Irin wannan wuri yana canza aikin mai hoto. Inda 'yan kallo suka kewaye fili, fuskokinsu suna shiga kowane hoto, kuma sau da yawa dariyar wata tsohuwa a bayan ɗan wasa ta fi komai nuna yadda wasan ya karɓu. Wanda ya taɓa kallon wasan dare a makarantunmu ya kuma san cewa wuta na iya tafiya ana tsakiyar fage, a ƙarasa da janareta ko da abin da ya samu.

Kyamarar dijital ta kusa kashe tsohuwar matsalar. Nikon D3 ta 2007 ta kai saurin 25,600, Sony A7S ta 2014 ta kai 409,600, tana kuma iya ɗauka shiru ba ƙara. Abin da Böhm ya yi fama da shi a Vienna, yau ɗalibin aji biyu zai yi shi da kyamarar aro. Sai dai sababbin fitilun LED sun zo da nasu: suna ƙyafta wuta da saurin da ido ba ya gani, kyamara mai ɗauka shiru kuwa takan fito da ratsi-ratsi, shuɗinsu da jansu masu kauri kuma suna cinye kamannin fuska. Tsarin dare na wayoyin hannu hotuna da yawa yake haɗawa ya fitar da ɗaya, abin da ke yi wa gini da bishiya kyau, ya bar mai motsi dishi-dishi.

Babbar barazanar yanzu ba ta haske ba ce. A dare ɗaya ana ɗaukar hotunan da suka ninka na Consemüller gaba ɗaya, a tura su WhatsApp inda ake matse su, a yi ta yabo kwana biyu, wayar ta lalace ko a sace ta, shi ke nan. Wanda ya tsira kuma ba sunan wasa, ba kwanan wata, ba wanda zai ce ga wane a ciki bayan shekara goma. Hotunan Dessau sun amfani masu bincike ne saboda an wanke su a takarda, an buga su a mujallar makarantar, an san rawar da kowanne yake nunawa.

Kira ga shugabannin sassan wasan kwaikwayo na jami'o'i da kwalejojinmu, na Zariya da Kano da Jos da sauransu, da malaman da ke riƙe da ƙungiyoyin wasa a sakandare: kowane wasa a ba shi mai hotonsa daga cikin ɗalibai, kamar yadda ake ba shi mai haske da mai kula da kaya. A bar shi ya zauna a gwaji tun farko har ya haddace wasan, a ba shi daren gwajin ƙarshe ya zaga yadda yake so da cikakkun kaya da fitilu. A zaɓi hoto ashirin, a wanke su a takarda, a rubuta sunan wasa da marubuci da darakta da 'yan wasa da ranar a bayan kowanne, a kai kwafi ɗakin karatun makaranta kafin ajin ya yaye.